Badamasi, Ruwan Rijiya da Muryar Goni Bakari

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya saukar da ruwa daga sama, Ya gudanar da wani a koguna, Ya ɓoye wani a ƙarƙashin ƙasa, Ya sanya wani mai garɗi wani mai zartsi, sannan Ya ba ɗan Adam hankalin da zai gane wanda ya dace da kowane aiki. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, wannan labarin Badamasi ne ɗan Inuwa masunci, wanda aka haifa a Guri, ya yi rayuwarsa a Haɗejiya, kuma a nan aka sa shi a makwancinsa bara. Bai gina masallaci ba, bai haƙa rijiya ba, bai bar ɗalibi ko ɗaya ba. Abin da ya bari darasi ne ga duk wanda ya ɗanɗani ilimi da bakin harshe ya ce ya ƙoshi.

Mahaifinsa mutumin ruwa ne, ya ƙare kwanakinsa tsakanin kwalekwale da taru, yana kokawa da ciyawar kacalla da ta toshe hanyoyin kifi. Badamasi kuwa tun yana ƙarami yake jin kunyar ƙarnin tarwaɗa. Idan aka aike shi kai kifi kasuwa sai ya riƙe kwandon nesa da jikinsa kamar wanda aka ba mushe. Da Inuwa ya ga ba za a yi masunci da shi ba, sai ya kawo shi Haɗejiya wurin 'yarsa Saude, yayar Badamasi, wadda ke karatun aikin asibiti, ya kuma damƙa shi ga wani malami na zaure. Badamasi ya fara littafin farko na fiƙihu, ya karanta babin tsarki, ya haddace hukunce-hukuncen ruwa tsaf. Da aka shiga babin salla aka kai ga ƙabli da ba'adi, sai kansa ya ɗauki zafi. Ya naɗe buzunsa, bai sake komawa ba.

Wannan babi ɗaya shi ne jarinsa har ya koma ga Allah. Mutanen unguwa sun sha wahalarsa. Sai mutum ya ɗauki buta zai yi alwala, ladan na ƙoƙarin tayar da iƙama, Badamasi ya riƙe masa hannu ya ce a dakata ya sansana. Ya duba launi, ya ɗanɗana, ya kai hanci, ya ɗaga kai sama kamar alƙalin da aka kawo wa shari'ar gado, sannan ya ce, "Mutlaƙi ne, ka yi." Wato ruwa ne tsantsa da ya halatta a yi tsarki da shi. Kafin ya gama yanke hukunci an yi raka'a ɗaya.

Sana'arsa ta fara da sayar da kaset ɗin wa'azi a kan tebur a bakin kasuwa. Da zamanin kaset ya wuce ya koma faifai, daga nan ya koma zuba wa mutane karatu da waƙoƙi a memori, ƙarshe ya kama shago ya shiga ɗaukar bidiyon biki da suna da walimar sauka. Ya sa aka rubuta masa a allon shagon, da jan fenti, "Ustaz Injiniya Badamasi". Ustazancin babi ɗaya ne, injiniyancin kuwa ko babin babu.

Da aikin bidiyo ya yi wa tsohuwar kwamfutarsa nauyi, sai ya tafi Kano wurin wani mai haɗa na'urori ana ce masa Mukhtar. Can ya ga wata kwamfuta da gefenta gilashi ne, fitilu na wasa a ciki, bututai farare garai-garai sun zagaye ta, ruwa na gudu a cikinsu. Bai tambayi ƙarfinta ba, ya dai hango yadda mutanen Haɗejiya za su tsaya a ƙofar shagonsa suna riƙe baki.

Mukhtar ya zaunar da shi ya yi masa bayani. Ya ce ƙwaƙwalwar wannan na'ura tana zafi ƙwarai idan tana aiki, shi ya sa aka ɗora mata wani faranti na jan ƙarfe mai ƙananan hanyoyi da ba su kai kaurin gashi ba. Ƙaramin famfo ke tura ruwa ta cikinsu, ruwan ya kwashi zafin ya kai lagireto, fanka ta huce shi, ya dawo. Ya ce da zafin ƙasarsu ruwan zai riƙa raguwa, in ya ragu kada a ƙara kowane iri sai ruwan da aka dafa aka tara tururinsa, wanda masu gyaran mota ke kira ruwan batir, farin, ba mai asid ba, kuma a ɗiga masa maganin da ke cikin wannan 'yar kwalba don kada gansakuka ta fito.

"Ban da ruwan famfo, ban da na rijiya, ban da na leda," in ji Mukhtar. "Ka ji ni, Malam?"

Badamasi ya yi murmushin da manya ke yi wa yaro idan ya yi shirme. "Ɗan samari, ni za ka koya wa ruwa? Ka san kashi nawa malamai suka kasa shi?"

Mukhtar ya ce bai sani ba. Badamasi ya lissafa masa su duka, ya ɗauki kayansa ya hau mota. 'Yar kwalbar maganin kuwa a kan teburin Mukhtar ya manta ta.

Na'urar ta yi masa abin da ya saye ta dominsa. Ya ajiye ta daidai taga inda rana ke dukanta, don masu wucewa su ga ruwa na gudu. Masu kayan miya da masu shinkafar Kafin Hausa suka riƙa leƙowa, yana yi musu jawabi.

A cikin wannan lokaci ne wata tsohuwa ta zo masa. Sunanta Yagana, matar marigayi Goni Bakari, wani mahaddacin Alƙur'ani daga zuriyar mutanen bakin Tafkin Cadi da suka zauna a Kirikasamma. Goni bai yi suna a birane ba, amma waɗanda suka bi shi salla sun san muryarsa, mai kauri da nutsuwa, ba ya gaggawa. Kafin rasuwarsa wani ɗalibinsa ya naɗi karatunsa, izu sittin, a kaset-kaset. Yagana ta ajiye su cikin akwatin ƙarfe, ta kan sa ɗaya a rediyo bayan la'asar. Shekarar babbar ambaliya ruwa ya shiga ɗakinta, ta fita da akwatin a ka, amma danshi ya riga ya taɓa su. Ta dawo Haɗejiya wurin 'yarta, idonta ya fara dushewa, kaset ɗin suka fara cin zare. Aka ce mata akwai mai mayar da irinsu cikin waya.

Ta ajiye akwatin a gabansa ta ce, "Ɗana, ga amana. Ban da wannan babu muryar Goni a duniya. Ido ya tafi, kunne ya rage mini. Ka juye mini shi cikin abin nan naku, in riƙa ji."

"Iya, kin zo wurin da ya dace," in ji Badamasi. "Ki ɗauka an gama."

A nan gaskiya ta wajaba: ya yi aikin. Ya bi kaset ɗin ɗaya bayan ɗaya, yana ɗaure zaren da ya tsinke, har ya juye karatun gaba ɗaya cikin na'urar. Wasu kaset ɗin wannan juyawa ita ce numfashinsu na ƙarshe, zaren ya marmashe. Sauran ya dube su ya ce tarkacen ƙauye ne masu tara ƙura, ya zuba su a bola aka cinna musu wuta da sharar kasuwa. Bai tambayi mai su ba. Daga ranar muryar Goni Bakari ba ta da wani mazauni sai cikin waccan na'ura mai gilashi.

Abin da ya rage ƙarami ne, ya zuba karatun a memori ya miƙa wa tsohuwa. Bai yi ba. Ya lura cewa duk lokacin da ya saki muryar Goni a lasifika, mutane na tsayawa a ƙofar shago, har dattawan da ba su taɓa yi masa sallama ba. Sai ya ce aikin bai kammala ba, akwai shuu a ƙarƙashin karatun da sai ya goge. Duk Juma'a Yagana ta kan zo da sandarta, ya ba ta kujera, ya sakar mata sura ɗaya, ta saurara kanta a sunkuye.

"Ɗana, ka ba ni shi haka nan. Da shuu ɗin na saba jinsa."

"Haba Iya! Aiki ya fita daga hannun Ustaz Injiniya da shuu? Me za a ce da ni? Ki ƙara haƙuri. Walima zan haɗa, in tara malamai, in miƙa miki a gaban jama'a."

"Ni ba jama'a nake nema ba, mijina nake nema."

Ya yi dariya ya ce tsofaffi akwai ban dariya.

Bazara ta shigo, kogi ya ja baya ya bar yashi, ruwan tankin na'urar ya sauka ƙasa da zanen da Mukhtar ya nuna masa. Ranar da ya tashi ƙarawa, yayarsa Saude ta biyo ta shagon daga wurin aiki. Ta daɗe tana aiki a ɗakin gwaje-gwaje, ta san ruwa ta fuskar da shi bai sani ba. Ta same shi da buta sabuwa da mazurari.

"Wannan fa daga ina?"

"Daga rijiyar masallacin unguwarmu, Yaya. Na kwana da shi a randa ya yi sanyi. Duk Haɗejiya babu ruwa mai garɗinsa."

"Garɗin nan shi ne matsalar. Abin da harshenka ke ji kanwa ce da gishirin ƙasa. Su za su ci ƙarfen, su daskare a hanyoyin. Ka aika kemis ko wurin masu batir a kawo maka tataccen, gora ɗaya ta ishe ka."

Badamasi ya ajiye butar, ya gyara zama, domin an taɓo babinsa. Ya ce ruwan da ya canza saboda ƙasar da yake kwance a kanta, kanwa ce ko gishiri ko laka, malamai sun haɗu a kan cewa yana nan da tsarkinsa. Ya ce launinsa lafiya, ɗanɗanonsa lafiya, ƙamshinsa lafiya. Ya ce ruwan da ya isa bawa ya wanke fuskarsa ya tsaya gaban Ubangijinsa, shi ne zai kasa wanke cikin ƙarfen da kafiri ya ƙera? Wancan kuwa, ruwan bakanike, matacce ne, an dafa shi har albarkarsa ta gudu, ba ya kashe ƙishirwa, kuma ba zai shiga na'urar da ke ɗauke da karatun Goni ba.

Saude ta ce, "Badamasi, kwamfutar alwala za ta yi?"

"Yaya, ki tsaya a kan fitsari da jinin da kuke aunawa. Wannan fagen malamai ne."

"To Malam. Baba dai da gora da taru ya ciyar da kai, bai taɓa sansana buta ba." Ta ɗauki jakarta. A bakin ƙofa ta juyo ta ce, "Ka ba tsohuwar nan karatun mijinta tukuna, sannan ka zuba ko kunu ne."

Ya zuba ruwan rijiya.

Hukuncin da ya kawo gaskiya ne, kuma nan ne abin takaicin yake. Shari'a ta sauƙaƙa wa bayi, don kada mutumin fadama ya rasa abin tsarki saboda ruwansa ya ɗauki launin ƙasarsu. Rahama ce aka yi wa masu salla. Ba a saukar da ita don jan ƙarfe da alminiyam ba, kuma babu malamin kirki da ya taɓa cewa duk abin da ya tsarkaka ya dace da kowane aiki. Zuma ma mai tsarki ce, ba a zuba ta a tankin babur. Amma mai babi ɗaya duk duniya babinsa ce. Jahili ya kan yi tambaya a ba shi amsa. Mai guntun sani kuwa ya riga ya toshe ƙofar da amsa za ta shigo.

Ba a daɗe ba ruwan bututun ya fara sauya kama. Rana na dukansa ta taga, ɗumi na tashi daga ciki, sai kore-kore ya bayyana a kusurwoyi, farin dutse ya fara kama bakin mahaɗai. Famfon da a da ba a jin motsinsa ya fara gurnani. Wani mai ɗinki da ke maƙwabtaka da shi ya leƙo ya ce, "Ustaz, fadama ka buɗe a ciki? Saura kwaɗi."

Badamasi bai ji kunya ba, daɗi ma ya ji, domin wannan ma akwai ta a babin. Ya ce gansakuka daga ruwa take haifuwa, kuma abin da ruwa ya haifa ba ya ɓata shi. Ya faɗi sunanta da Larabci har sau biyu don mai ɗinki ya san da wa yake magana. Da gurnanin ya yi yawa, ya kira Mukhtar a waya. Mukhtar ya tambaye shi wane ruwa ya zuba. Da ya ji amsa ya ce a kashe na'urar nan take, a kwashe duk abin da ke cikinta zuwa wani wuri, a kawo ta Kano a wanke. Badamasi ya ce ya gane, so ake a ci kuɗinsa. Ya kashe wayar, ya yanke cewa bakin mutane ne ya kama na'urar, ya rataya mata laya a jikin gilashi, ya ƙara mata ruwa daga randa.

Ya sa ranar walima wata Juma'a bayan la'asar. Ya ari tabarmi ya shimfiɗa a ƙofar shago, ya sayo dabino da lemo, ya gayyato limamin unguwa da wasu dattawa. Yagana ta zo da wuri, ta sa tufafinta na Idi, 'yarta ta saya mata ƙaramar rediyo mai cin memori, tana rungume da ita a cinya. Garin ya yi zafi irin na gab da faɗuwar damina, ko ganye ba ya motsi. Aka tayar da janareto.

Memorin yana aljihun Badamasi, babu komai a cikinsa. Ya ƙudurta sai a gaban jama'a zai zuba, su ga yadda ake yi. Kafin nan ya miƙe ya yi jawabi a kan na'urar, da ruwanta, da rijiyar da aka ɗebo shi, da jahilcin mutanen Kano. Liman ya duba rana ya yi gyaran murya. Sannan Badamasi ya saki karatun.

Muryar Goni Bakari ta fito ta cika layin. Masu wucewa suka rage tafiya. Yagana ta rufe idanun da dama ba su gani sosai, leɓɓanta na bin karatun.

A cikin gilashi kuwa hanyoyin farantin sun riga sun toshe. Famfo na turawa, ruwa ba ya wucewa, zafi na hawa. Mahaɗin da kanwa ta daɗe tana ci ya saki. Ruwan rijiyar masallaci, mai tsarki mai tsarkakewa, ya tsiyaya a kan allon cikin na'urar da ma'ajiyarta inda karatun yake, ya gangara cikin akwatin wuta. Aka ji ƙara kamar an fasa ƙwarya, fitilun suka mutu, hayaƙi mai warin roba ya fito. Goni yana tsakiyar aya.

Janareto kaɗai ya ci gaba da surutunsa.

"Wutar ce," in ji Badamasi. "Janareton nan ne. Yanzu za ta tashi." Ya danna, ya sake dannawa, ya jijjiga layar. Koren ruwa na ɗiga daga teburin zuwa kan takalminsa.

Yagana ta ce, "Ɗana, me ya faru? Ya tsaya bai kai ƙarshen ayar ba. Goni ba ya tsayawa a nan."

Liman ne ya matsa ya gaya mata a hankali. Sai ta ce to, a ba ta kaset ɗinta, ta koma da su yadda suke. Badamasi ya fara bayani a kan danshi da zare da yadda zamani ya wuce kaset. Mai ɗinki ya katse shi ya ce, "Iya, ya ƙone su tun tuni. A bolar bayan kasuwa."

Tsohuwa ta dafa sandarta ta miƙe. Ba ta ɗaga murya ba.

"Ambaliya ta shiga ɗakina har ƙirji, ta ci gadona, ta ci buhunan shinkafata, amma ta bar mini muryar Goni. Kai da ruwan buta ɗaya ka tafi da ita."

Ta ajiye rediyon a kan tabarma, ta ce a ba mai bukata. 'Yarta ta kama hannunta suka tafi. Dattawa suka bi bayansu ɗaya-ɗaya, dabinon ko taɓa shi ba a yi ba.

An kai na'urar Kano. Mukhtar ya buɗe ma'ajiyar ya ce ta ƙone ƙurmus, ba abin da za a iya cirowa. An nemi ɗalibin da ya naɗi karatun, aka tarar ya daɗe da rasuwa, kuma bai bar wani kwafi ba.

Wanda ya yi tsammanin Badamasi zai sunkuyar da kai bai san shi ba. Ya ce Mukhtar ya sayar masa da jabu. Ya ce janareto ne. Ya ce hassada ce. Ruwan dai bai taɓa ɗora masa laifi ba, domin a cewarsa launinsa da ɗanɗanonsa da ƙamshinsa duk ya duba. Mutane suka daina kawo masa abin da suke tsoron rasawa, shagon ya koma na cajin waya, jan fentin allon ya koɗe har "Ustaz" ya goge, "Injiniya" ya bi shi. Bai daina riƙe hannun masu alwala ba, sai dai yanzu yara kan ce masa, "Malam, a sansana ko a kai Kano?"

Ciwon ajali ya kama shi bara da damina, bai jima ba. Bayan an dawo daga maƙabarta, Saude ta ɗauki mayafinta ta tafi gidan 'yar Yagana, domin ta san akwai haƙƙin da ba a ambata ba lokacin da aka tambayi masu bin mamaci bashi. Ta sami tsohuwar a zaune a kan tabarma, idon ya tafi gaba ɗaya, tana karanta abin da ta riƙe da ka, tana tsayawa a inda Goni ke tsayawa. Saude ta durƙusa ta ce, "Iya, ƙanena ya riga mu gidan gaskiya. Na zo roƙa masa gafara."

Yagana ta ce, "Na yafe masa, 'yata. Na yafe masa duniya da lahira. Ba na so mu haɗu a gaban Allah ya tsaya yi mini bayani."

Ya Allah, ga bawanKa Badamasi ɗan Inuwa ya zo maKa da babi ɗaya da girman kai mai yawa, kuma rahamarKa ta fi duka biyun faɗi. Wadda ya zalunta ta sake shi, Kai ne mafi cancantar yin afuwa. Ka jiƙansa, Ka sanyaya makwancinsa, Ka wanke shi daga kurakuransa. Ka haɗa Yagana da Goninta inda karatu ba ya yankewa, Ka tsare mu da guntun sani. Amin.